Liyafar Taimakon Naƙasassu Da Masu Taɓin Hankali

Bayan haka, al'ada ta yaɗu a birane ta kiran attajirai liyafar dare domin tara gudummawa ga naƙasassu, da yara masu galahanga, da masu taɓin hankali. Niyya kyakkyawa ce, bukata kuwa babba. A Nijeriya an sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu a 2019, a 2023 kuma sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin ta 1958. Amma doka ba ta sayen magani, asibitocin Barnawa da Kware da Dawanau kuwa sun yi wa talakan ƙauye nisa. Wanda ya rasa kuɗin mota da na magani, sau da yawa mari yake sa wa ɗan'uwansa.

To, aibin liyafa biyu ne. Na farko, kuɗin zaure da abinci sukan ci rabon majinyata. Na biyu, liyafa ta dare ɗaya ce, jinya kuwa ta shekaru. Saboda haka ya kamata attajiri ya nemi ganin lissafi kafin ya bayar, malamai kuma su tunatar da falalar hubusi: rumfa ɗaya a kasuwa, hayarta tana sayen magani kowane wata, mai ita yana kabari lada tana isa gare shi. Allah ya sa a dace, amin.