Idan madugu ya faɗi, wa za a bai wa ragamar ayari?

A wannan makon zan ratse zuwa fagen ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, domin wata muhawara da ba ta ƙarewa a can: idan babban ɗan wasa ya ji rauni, wanne za a ɗauko daga cikin na benci?

A gasar NFL mai ƙungiyoyi 32, babu matsayin da ya kai na kwatabak nauyi. Ni madugu nake kiransa, domin shi ne uban tafiya. Shi ke karɓar umarnin koci, ya karanci yadda abokan hamayya suka ja daga, sannan cikin 'yan daƙiƙoƙi ya yanke shawarar wanda zai jefa wa ƙwallo. Wasanni 17 kacal kowace ƙungiya ke bugawa kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale, saboda haka kuskuren zaɓen madugu na wata guda ya isa ya rushe aikin shekara.

Ban ga inda wannan muhawara ta fito fili kamar a ƙungiyar 49ers ta birnin San Faransisko ba. A zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i na 2021, ƙungiyar ta miƙa wa Miami Dolphins gurabenta na zagayen farko na 2021 da 2022 da 2023, domin ta samu damar ɗaukar Trey Lance a matsayi na uku. Matashi ne mai ƙarfin damtse da zafin gudu, sai dai wasanni 17 kawai aka taɓa farawa da shi a jami'a. A watan Satumbar 2022 ya karye a idon sawu. Jimmy Garoppolo ya maye gurbinsa, shi ma ya karye a ƙafa a watan Disamba. Sai ragama ta faɗa hannun Brock Purdy, wanda aka ɗauka na 262, wato na ƙarshe a zaɓen 2022, matsayin da Amurkawa ke yi wa laƙabin izgili. Ɗan hakin da aka raina sai ga shi ya ci wasanni biyar na ƙarshen kaka da aka fara da shi, ya ƙara da biyu a zagayen sili-ɗaya-ƙwale, kafin ya ji rauni a gwiwar hannu a karawarsu da Philadelphia Eagles cikin Janairun 2023.

Daga nan ne gardama ta kaure. An yi wa Purdy tiyata a watan Maris, kuma babu tabbacin zai warware kafin Satumba. Idan bai warware ba, wa za a fara da shi? Lance, ko kuwa Sam Darnold, wanda ya shafe shekaru biyar tsakanin New York Jets da Carolina Panthers, ya sha kaye fiye da yadda ya yi nasara?

Masu goyon bayan Lance suna da hujja biyu. Ta farko, cewa ba a yi masa adalci ba, tun da wasanni huɗu kaɗai aka fara da shi cikin shekaru biyu, kuma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Wannan hujja na yarda da ita. Ta biyu, cewa an yi asarar dukiya mai yawa a kansa, don haka dole a ci gaba da shi. Wannan kam ban yarda da ita ba ko kaɗan. Abin da aka riga aka kashe ya tafi, ba ya jefa ƙwallo, ba ya karanta dagar abokan hamayya. Shugaban da ya ɗora mutum domin kawai ya kare shawararsa ta jiya, mutuncin kansa yake karewa, su kuwa sauran 'yan wasa su ne za su biya da jikinsu.

A ganina tambaya biyu ce ta dace a yi. Ta ɗaya: a wane mataki ƙungiyar take? Wadda ke sabon gini tana iya haƙuri da matashi ya yi ta kuskure har ya goge. 49ers kuwa tana da gwanaye irin su Trent Williams da George Kittle da Christian McCaffrey, waɗanda shekarunsu na ƙarfi ƙidayayyu ne, ba za su jira wani ya gama koyo ba. Ta biyu: wa ya fi sanin aikin a yau? Tsarin koci Kyle Shanahan yana buƙatar mai saurin yanke shawara da jifa a kan lokaci. Purdy ya samu wannan daga shekaru huɗu da ya buga a Jami'ar Jihar Ayowa, Darnold kuma ya same shi daga wahalar da ya sha.

A watan Agustan 2023 Shanahan ya naɗa Darnold na biyu, aka sallama Lance ga Dallas Cowboys a kan gurbin zagaye na huɗu kawai. Asara ce bayyananniya, an kuma karɓe ta a bainar jama'a. Purdy ya warware, ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2024, inda Kansas City Chiefs ta doke su da 25 da 22 bayan ƙarin lokaci. Darnold kuwa ya koma Minnesota Vikings, ya ci wasanni 14 a kakar 2024. Sakamako ba ya wanke kowace shawara, amma wannan ta tsaya a kan ƙafarta tun ranar da aka yanke ta.

Akwai darasi na ƙarshe a waccan karawa da Eagles. Bayan Purdy ya fita, wanda ya gaje shi, Josh Johnson, ya bugu a ka, dole aka mayar da Purdy fili alhali ba ya iya jifa, aka lallasa su da 31 da 7. A shekarar ne hukumar gasar ta amince kowace ƙungiya ta ajiye madugu na uku domin ko-ta-kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyar da ta bari sai madugunta ya faɗi sannan ta fara tambayar wa ya iya, ta riga ta makara.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.