Wuni guda a Kyoto: tambayi abin da ke cikin kwanon

Idan Allah ya kai ka Kyoto, tsohon babban birnin Japan, yi sammako ka ga dubban jajayen ƙofofin Fushimi Inari tun jama'a ba su cika ba. Da rana ka gangara kasuwar Nishiki. To, wajen cin abinci ne gizo ke saƙar. Romon taliyar ramen da ake kira tonkotsu da ƙashin alade ake dafa shi, mirin kuwa da suke zubawa a miya giyar shinkafa ce. Mu dai a ganinmu, jin kunyar tambaya ba wayewa ba ce, malam, ga waya a hannunka tana fassara. In ka sayi gasasshen kifi, tsaya gaban shagon ka cinye, 'yan kasuwar ba sa son a ci ana tafiya.