Allurar yara na cikin guzurin tafiya



Hutun makaranta ya matso. Wasunmu na shirin kai iyali Kano, Kwatano ko Abijan wurin dangi, wasu kuma umara. An ɗinka tufafi, an tanadi tsaraba. Katin rigakafin yaran fa, wa ya duba?

A ganina wannan nauyin maigida ne kafin uwa, domin kiyaye rai yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo ta tsare. Mai ganin allura rashin tawakkali ce ya tuna cewa Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Wane ne cikinmu ya kai shi tawakkali?

Mun ga sanƙarau a Dungas a ƙarshen 2022, aka kuma gan shi a Jigawa, ba ruwansa da iyakar ƙasa.

Allurar shawara daga wata 9 ake yi wa yaro, takardarta kuwa ba ta aiki sai bayan kwana 10. Saudiyya ma kwana 10 ta shar'anta ga ta sanƙarau. A fara da gidan likita kafin a yanki tikiti.