Bindigar Ƙugu Ba Ta Tare Ƴan Moto

Ƴan uwa ɗalibai, wata sabuwar gardama ta shigo fadodinmu na Tawa, ta ture hirar ƙwallo da ta ƴan mata. Da an ɗora shayi sai ka ji: "To, wace ta hi? Tokaref ko Makarof? Mai milimita 9 ko mai 7,62?" Yaron da ko zakara bai taɓa yankawa ba sai ya gyara zama yana yi maka bayanin wadda ke ɓuya ƙarƙashin riga ba a gani. Ka tambaye shi inda ya koyo, ya miƙo maka salula: wani Ba'amurke a TikTok, da ƙasumba, yana harbin kwali.

Ni dai na ce wannan gardama ta banza ce, kuma banza mai kisa.

Ban raina tsoron kowa ba. Ranar 21 ga Maris 2021, mutane a kan motoci masu ƙafa biyu suka faɗa wa Intazayan da Bakorat da zangunan da ke kewaye, cikin gundumar Tiliya. Gwamnati da bakinta ta ƙidaya gawa 137. A 2017 aka sa Tiliya da Tasara cikin dokar ta-ɓaci. Ta kudu kuma, masu satar mutane na ƙetarowa daga Sakkwato da Zamfara. Duk wanda iyayensa ke ƙauye ya san yadda gaba ke faɗuwa in salula ta yi ƙara da tsakar dare. Wanda ya ce yana son ya kare kansa, ba mahaukaci ba ne. Maganin da ake tallata masa ne na ƙarya.

Tun da lissafi kuke so, mu yi shi. Tokaref, ƙirar Rasha ta shekarun 1930, harsashi 8 take ci. Makarof ma 8. Glock 19 da ake ta yabo a bidiyo, 15. Dukkansu, a hannun gwani, in abu ya wuce mita 50 sai dai sa'a. Kalash kuwa gidan harsashinta 30 ne, tana kai mutum ƙasa daga mita 300. Kuma masu ita ba su zuwa ɗaya-ɗaya, gungu suke zuwa, biyu-biyu a kan moto. To, malam mai pistole, kafin ka ɗaga riga ka lalubo ƙugu, mi ya rage? Faɗa da wanda ya fi ƙarfinka ba jarumta ba ce. Abin da bindigarka za ta yi maka a ranar shi ne ta sa a fara da kai, sannan a bi gidanku.

In kuna ganin ƙanƙantar makamin ce matsala, ku tuna Banibangu, cikin jihar Tilaberi. A farkon Nuwamba 2021 magajin garin da kansa ya ja ƴan sintiri suka fita daji da makamansu. Aka yi musu kwanton ɓauna a Adabdab, mutum 69 suka mutu, har da shi. Dattawa ne da samari da suka san dajinsu, ba ƴan kallon bidiyo ba. Ku dubi Zamfara kuma. Ƴan sa-kai sun fara da sunan tsaron shanu da gari, aka koma kashe mutum don yarensa, ramuwa ta haifi ramuwa, ga shi yau har mu muna shan hayaƙin. Adar ƙasa ce da Bahaushe da Buzu da Bafillace da Balarabe ke cin kasuwa ɗaya, suna shayarwa a rijiya ɗaya. Wa ke so a kawo mana irin wannan?

Sai ita bindigar kanta. Wadda za ta zo hannunka ba daga kanti za ta fito da takarda ba. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makaman Libiya ke kwararowa ta hamada. Cikinsu akwai ƙananan bindigogin Turkiyya da aka ƙera don ƙara kawai, aka sarrafa su suna cin harsashin gaske. Ƙarfensu ba na harbi ba ne, suna iya fashewa a hannun mai su. Tsohuwar Tokaref kuwa ba ta da makullin tsaro na kirki, ga ta a ƙugunka, bakinta na kallon cinyarka, kana bisa kabu-kabu cikin ramukan hanya. Kuma wa ya sayar maka? Mutumin da ya sayar wa ɓarawo jiya. Jikunan da ka tara na bursu, kai ne ka zuba su cikin kasuwar da ke kashe danginka.

Ga doka kuma. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin ma'aikatar cikin gida. In jandarma suka tare mota a hanyar Abalak suka same ta jikinka, ba su tambayar ko kai ɗan jami'a ne mai tsoron ɓarayi. A wannan zamani, saurayi da ɓoyayyar bindiga a arewacin Tawa, ka san sunan da za a fara kiransa da shi. Karatu ya ƙare, sai uwarka ta riƙa kai tuwo gidan kaso.

Amma abin da ya fi damuna ba ya cikin waɗannan. Ɓarawo wataƙila sau ɗaya zai zo maka a rayuwa. Fushi kuwa kullum yana tare da kai. Mun san kanmu: faɗa kan budurwa, kan bashin jika biyu, kan zaɓen ƙungiyar ɗalibai, kan moto da ya goge moto. Yau ana kai naushi, a raba, gobe a sha shayi tare. Sa bindiga cikin wannan faɗa, sai a wayi gari gida ɗaya na zaman makoki, ɗaya na zaryar kotu. Ga ƙanenka mai shekara 8 da ya san duk abin da ke ƙarƙashin katifarka. Waɗancan Amurkawa da kuke kallo ba su gaya muku cewa a ƙasarsu bindigogin da ke hannun jama'a sun fi mutanen yawa, kuma a 2021 bindiga ta kashe musu mutum sama da 48.000, fiye da rabi su suka harbe kansu. Masu talla ne, hajarsu suke sayarwa.

Za a ce mini: "To sai mu zauna a yanka mu kamar tumaki?" A'a. In da gaske kana son riƙe makami don ƙasarka, ana ɗaukar soja, ana ɗaukar jandarma da gardi. Can akwai horo, akwai shugaba, akwai hisabin kowane harsashi. Mu da muka zaɓi biro, aikinmu ya fi wuya: mu tambayi hukuma da babbar murya don mi taimako ke makara, don mi wasu ƙauyuka ba su da rezo da za a kira agaji, ina aka kwana kan binciken Tiliya. Mu tsawata wa abokinmu in ya ɗora laifin ƴan ta'adda a kan ƙabila sukutum. Wanda ya san akwai bindiga a gidansu, akwai hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, ya ja dattijo su je.

Iyayenmu sun ɗanɗana tawayen shekarun 1990. Da suka gaji da jana'iza, sai suka tara bindigogi a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000 suka cinna musu wuta. Ba su yi haka don ragwanci ba, sun san kuɗin harsashi ne fiye da mu. Saboda haka in gardamar "wace ta hi" ta sake tasowa a fadarku, ku tambayi mai ita: wa kake shirin harbi, kuma wa zai ciyar da tsohuwarka bayan nan? In ya rasa amsa, ku zuba masa shayi, ku canza hira.