Wannan Ɗan Jan Kofin Ba Zoɓo Ba Ne



Mun daɗe muna jan ƙafa kan wannan magana don kada a ce mun tona asirin wani, amma abin da ya faru a wata liyafar aure a Agege kwanakin baya ya sa shirun ya zama laifi. Yarinya ce 'yar ɗaya daga cikin membobinmu, shekarunta 16. Aka zagayo da tire cike da ƙananan kofunan roba, wasu ja, wasu kore shar, wasu shuɗi kamar bula. Ta ɗauki ja tana zaton zoɓo ne. Ta ji zaƙi da ƙamshin abarba, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Kafin a yanka kek tana bayan zauren tana amai, ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta. Uwarta ta ɗauka iska ce ta taɓa ta, har an fara neman mai ruƙiyya, sai wata maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya ta sunsuna bakinta ta ce, Hajiya, wannan fa giya ce.

Mai bikin namu ne, kuma ba za mu kama sunansa ba. Da aka tuntuɓe shi cewa ya yi shi kuɗi kawai ya biya masu haɗa abin sha, bai san me za su kawo ba. Mun yarda bai sani ba. Rashin sanin nasa shi ne ma abin da ya kawo mu nan.

Bari mu faɗa wa iyaye mene ne a cikin kofin, tunda da yawanmu ba mu taɓa riƙe irinsa ba. Yara suna kiransa shot, wato abin da ake kwankwaɗa a kurɓi ɗaya. Kofin yana ɗaukar mililita 30 zuwa 45, bai wuce cokali 2 ko 3 na cin abinci ba. Tushensa barasa ce mai zaƙi da ake yi da 'ya'yan itace. A dokar Tarayyar Turai, inda ake yin da yawa daga cikin kwalaben da ake shigowa da su, irin wannan barasar sai ta kai aƙalla kashi 15 cikin 100 na sinadarin maye, kuma a kowace lita a samu aƙalla giram 100 na sukari. Shuɗin da kuke gani yawanci Curaçao ne, wanda ake yi da ɓawon wani lemo mai ɗaci, launin kuma rini ne aka zuba. Koren irin su Midori ne na ƙasar Japan. Masu haɗawa ba sa tsayawa nan, sai su ƙara bodka ko jin, waɗanda ƙarfinsu ya kai wajen kashi 40 cikin 100, su ɗan zuba ruwan abarba ko na lemo, su girgiza da ƙanƙara, su jera a tire. Waɗanda ke yin nasu a gida kuwa jiƙa mangwaro ko abarba ko busasshen zoɓo suke yi a cikin barasa na wasu makonni, su tace, su zuba dafaffen ruwan sukari. Eh, zoɓonmu da muke saye a Mile 12, wanda 'yan uwanmu ke lodowa daga Jigawa da Kano, shi ne ke ba wa jan kofin launinsa a wasu lokutan. To ta yaya yarinya za ta bambance?

Ku yi lissafin da kanku. Babbar kwalbar giya ta mililita 600 mai ƙarfin kashi 5 tana ɗauke da mililita 30 na sinadarin maye. Ɗan kofi na mililita 45 da aka haɗa rabi bodka rabi barasa mai zaƙi ta kashi 20 yana ɗauke da mililita 13 da rabi. Kofi 3 ke nan sun zarce babbar kwalba. Mashayi yakan ɗauki rabin awa yana kurɓar kwalbarsa, ita kuwa yarinyar ta shanye nata cikin 'yan mintuna, ga ciki babu abinci. Sukari da sanyin ƙanƙara suna kashe ɗacin da ya kamata ya gargaɗi harshe, kuma mayen ba ya bayyana nan take, sai ya ɗan jima a jiki, lokacin da mutum ya riga ya ƙara. Gwanintar haɗin gaba ɗaya a nan take, a sha giya ba a ji giya ba. Wanda ya san abin da yake sha, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne da lafiyarsa. Wanda bai sani ba kuwa yaudararsa aka yi.

Mun san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za su ce nan Legas ce, ba Kano ba, babu Hisba, sayar da giya ba laifi ba ne a dokar jiha. Gaskiya ne, kuma ba yau muka zo garin nan ba. Kakanninmu sun zauna a Agege da Idi-Araba da Obalende tare da mutanen da ke shan abinsu, aka yi cinikin goro da shanu, aka ci arziki, ba wanda ya fasa wa wani kwalba. Maƙwabcinka Bayarabe ko Ibo idan ya gayyace ka biki, da kansa zai ce maka Alhaji ga naka teburin, ga maltina, ga ruwa. Sun fi wasunmu kiyaye mana addininmu. Kwalbar giya tana da suna a jikinta, kowa ya ganta ya san ta. Rigimarmu da kofin da ba shi da suna ne, wanda aka yi masa kamannin abin shan yara aka ɗora shi a tire ɗaya da zoɓo.

Kuma mu daina fakewa da cewa baƙi ake yi wa. A bikin da muke magana, kusan duk wanda ke zauren namu ne. Abin da ke faruwa shi ne amarya da ƙawayenta sun ga hoton tiren a Instagram, launuka sun jeru gwanin sha'awa, suka ce su ma a yi musu. Mai haɗawa ya kawo farashi dunƙule, uban amarya ya tura kuɗi bai tambayi komai ba, don kada a ce shi baƙauye ne. Mutumin da zai tsaya a kan mahauci sai ya ga wanda ya yanka ragon, shi ne ya kasa tambayar abin da za a zuba wa 'ya'yan mutane a kofi. Wannan ba wayewa ba ce, sakaci ne.

Ko a ajiye maganar addini gefe, malamai sun riga sun yi bayaninta kuma ba mu fi su sani ba. A kowace liyafa akwai mai ciki. Akwai dattijo mai ciwon sukari da ya yi ta kauce wa lemon kwalba. Akwai wanda likita ya ɗora a kan Flagyl ya ce masa kada ya kusanci barasa. Sannan akwai direbobi, waɗanda su ne rabin ƙungiyar nan: masu tirela, masu keke, masu kabukabu da za su kwashi iyali su hau titin Legas zuwa Ibadan da daddare. Wa zai ɗauki alhaki idan ɗayansu ya kwankwaɗi 2 yana zaton lemo ne?

Akwai abin da ya fi wannan tayar mana da hankali. Kwalaben waje sun yi tsada, don haka mai haɗawa da ke son riba yana iya komawa ga ogogoro ko wata barasar da ba a san inda aka dafa ta ba, tunda sukari da rini za su rufe komai. Waɗanda suka manta su tuna 2015. A watan Afrilu mutane suka yi ta makancewa suna mutuwa a Ode-Irele ta jihar Ondo, har aka fara danganta abin da fushin gunki, kafin bincike ya nuna gubar metanol ce a cikin barasar gida. Bayan wata 2 aka sake yin irinsa a jihar Ribas, gommai suka mutu. Metanol ba ta da launi, kuma harshe ba ya bambance ta da barasar da aka saba.

Hukuma ma ta gane cewa ƙanƙantar mazubi da arha su ne ƙofar da yara ke shiga. Shi ya sa aka yi yarjejeniya da kamfanoni a ƙarshen 2018 aka ba su shekara 5, sannan a Fabrairun 2024 NAFDAC ta fara aiwatar da haramcin barasar leda da ta ƙananan kwalabe. An yi ta ja-in-ja a kai, masu masana'antu suna kukan asarar ayyuka. Amma ko ta ledar, da duk sharrinta, tana da rubutu a jiki. Kofin liyafa ba shi da ko harafi ɗaya, kuma babu jami'in da zai shigo bikin 'yarka ya duba. Kai ne NAFDAC ɗin wurin.

Tunda an zo nan, bari mu taɓo Chapman, wanda duk muke sha da kwanciyar hankali. Haɗinsa na asali akwai ɗigon Angostura a ciki, ita kuwa kwalbar a jikinta an rubuta kashi 44.7 cikin 100. Ɗigo kaɗan ne a babban kofi, ba zai bugar da kowa ba, kuma hukuncinsa na malamai ne. Mu dai cewa muke mai sha yana da haƙƙin ya sani. Ana haɗa shi ba tare da ita ba, in ka nema.

Abin da muke nema daga membobinmu ba shi da wahala. Duk wanda zai ɗauki masu haɗa abin sha, ya sa su rubuta masa abin da ke cikin kowane kofi kafin ya biya ko sisi, ya kuma wakilta wani babba ya tsaya inda ake haɗawa ya ga kwalaben da idonsa. Idan biki ne na haɗaka da abokan zama waɗanda ke sha, a ware teburinsu, kada tirensu ya zagaya cikin yara. In launi ake so a hoto, matan ƙungiyar nan da ke sana'ar zoɓo da kunun aya da tsamiya da ruwan citta suna nan, kuma za su cika muku ƙananan kofunan da ja da fari da ruwan ƙasa a kan kuɗin da bai kai rabin wancan ba.

Yarinyar ta warware, alhamdulillahi, amma har yau ta ƙi fita ko islamiyya saboda wani ya ɗauki bidiyonta a bayan zauren ya tura a WhatsApp. Duk wanda bidiyon ya iso wayarsa, don girman Allah ya goge, kada ya tura gaba. Za mu kawo maganar masu haɗa abin sha a taron wata mai zuwa, kuma muna roƙon iyaye mata su halarta.