Rajista Ta Karɓi Mabuɗin Zaure

Kowace ma'aikata, ta gwamnati ko ta 'yan kasuwa, tana da wurare biyu waɗanda aikinta ya rataya a kansu. Na farko shi ne rajista, watau inda aka rubuta sunan kowane ma'aikaci, da ranar da aka ɗauke shi, da matakin albashinsa, da sashen da yake, da wanda yake shugabansa, da kwanakin hutun da suka rage masa. Na biyu kuwa shi ne wurin magana, inda ake ba da umurni, a yi tambaya, a miƙa takarda. A da akawu ne yake tsare rajista cikin kabad mai kwaɗo, masinja kuma yana kai da kawowa tsakanin ofisoshi da fayil a hammata. Yau duka biyun sun koma cikin kwamfuta, har an shiga gina gada tsakaninsu.

Rajistar zamani ita ce manhajar kula da ma'aikata, irin su Workday da aka kafa kamfaninta a Amurka cikin 2005, da BambooHR ta 2008, da SeamlessHR wadda aka kafa a Legas. Wurin maganar kuwa ya zama zauren hira na ofis, kamar Slack wanda aka buɗe wa jama'a cikin 2014, da Teams na kamfanin Microsoft wanda ya fito cikin 2017. Kada mai karatu ya ɗauka cewa zauren nan wurin surutu ne kawai. Kamfanin Salesforce ya sayi Slack a kan dala biliyan 27.7, cinikin da aka kammala cikin 2021, ba kuwa don kome ba sai domin a can ne ma'aikata suke wuni, a can ne kuma asirin kamfanoni yake kwance.

Yadda ake haɗin ba shi da wuyar fahimta. Shugaban sashen kwamfuta ya kan ba manhajar rajista wani mabuɗi na lambobi, ya kuma zana mata iyakar abin da za ta iya yi cikin zauren. Akwai wata ƙa'ida mai suna SCIM, wadda aka fitar da tsayayyen tsarinta cikin 2015, ita ce harshen da manhajoji da yawa suke amfani da shi wajen gaya wa juna cewa an ɗauki wane, an yi wa wane canjin sashe, wane kuma ya bar aiki. Da zarar akawu ya shigar da sunan sabon ma'aikaci, sai a buɗe masa ƙofa, a sa shi cikin ɗakunan hirar sashensa tun kafin ya zauna a kujera. In yana son hutu, sai ya nema daga cikin zauren, saƙo ya je wa shugabansa, shi kuma ya danna amincewa, rajista ta rage kwanakin da kanta.

Wannan sauƙin shi ne masu tallar manhaja suka fi yayatawa, lalle kuwa sauƙi ne. Amma ba shi ne babban al'amarin ba. Babban al'amarin yana ranar fita, ba ranar shiga ba.

Ma'aikata da yawa sun iya marabtar baƙo, amma ba su iya rufe ƙofa bayan wanda ya tafi ba. Cikin watan Afrilu na 2018 wani injiniya ya ajiye aiki a kamfanin Cisco na Amurka. Bayan wata biyar, cikin Satumba, ya samu shiga rumbun kwamfutocin da suke ɗauke da zauren hirar da kamfanin yake sayarwa, watau Webex Teams, ya share injuna 456. Asusun masu amfani da zauren fiye da 16,000 suka tsaya, waɗansu har mako biyu. Kamfanin ya kashe kimanin dala miliyan 1.4 wajen gyara, ya kuma mayar wa abokan cinikinsa fiye da dala miliyan 1. Kotu ta ɗaure mutumin shekara biyu cikin Disamba na 2020. Ƙofar da ya bi ta ɗakin injuna ce, ba ta zauren hira ba, amma ciwon ɗaya ne: an sallami mutum a takarda, alhali kuwa hanyar shigarsa tana nan. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Inda aka gina gada tsakanin rajista da sauran manhajoji, ranar da aka rubuta cewa wane ya bar aiki, ranar ce ƙofofinsa suke rufewa, ba sai wani ya tuna ba.

A nan ne ya kamata ofisoshin ƙasar nan su dubi kansu. Mafi yawansu, musamman ƙanana, ba su da Slack, ba su da Teams, zaurensu shi ne rukunin WhatsApp da wani ma'aikaci ya buɗe da lambar wayarsa. Irin wannan rukuni ba shi da wata gada da rajista. Wanda aka kora bara yana iya zama a ciki shiru yana karanta kome, in dai mai kula da rukunin bai cire shi da hannu ba. Ko an cire shi ma, duk takardun da aka taɓa aikawa suna nan cikin wayarsa. Abin dariya, wani lokaci shi mai kula da rukunin ne da kansa ya bar aikin, ya tafi da zauren dungurungum.

To, amma wanda ya ba rajista mabuɗi, tilas ya tabbata rajistar tana faɗin gaskiya. Nijeriya ta san wannan darasi tun kafin a ji sunan Slack. Cikin 2007 gwamnatin tarayya ta fara tsarin IPPIS domin tattara sunayen ma'aikata da albashinsu wuri guda. Duk da haka, cikin Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta ba da sanarwar cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi daga takardar albashi, bayan an gwada sunayen da lambar tantancewa ta banki. Kwamfuta ba ta ƙirƙiri waɗannan fatalwowi ba, mutane ne suka rubuta su, ita kuwa ta yi ta biyansu da biyayya. Hakanan al'amarin yake a gadar da ake magana a kanta. Sunan ƙarya a rajista zai samu ƙofa a zaure. Kuskuren kwanan wata guda zai rufe ma'aikacin kirki waje da safiyar Litinin, ana cikin aikin gaggawa. Saboda haka akawun da a da ake yi wa kallon mai jan ƙafa, yanzu shi ne mai gadin gidan duka, ya kamata kuwa a sa wani na biyu ya riƙa duba abin da ya shigar kafin ya zama hukunci.

Sa'an nan akwai tambayar abin da ya dace ya ƙetare gadar. Rajista ta san abubuwan da zaure bai kamata ya ji ba: albashi, da takardar gargaɗi, da ciwon da ya sa mutum ya kwanta asibiti, da lambar asusun banki. Kamfanin tufafi na H&M ya ɗanɗana kuɗarsa a kan irin wannan. A wata cibiyarsa da ke birnin Nuremberg na Jamus, shugabanni sun daɗe suna zama da ma'aikatan da suka dawo daga hutu ko jinya, suna rubuta abin da suka ji game da cututtukansu, da rigingimun iyalinsu, har da addininsu. Cikin Oktoba na 2019 aka yi kuskuren saiti, sai bayanan suka buɗe ga ma'aikatan kamfanin na 'yan sa'o'i. Shekara guda bayan haka hukumar kare bayanai ta Hamburg ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 35.3. Laifin farko shi ne tara abin da bai kamata a tara ba, amma saiti guda ne ya tona shi, gada kuwa duk saiti ce.

Ba Turai kaɗai ke da irin wannan doka ba. Cikin Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma mai ikon bincike da cin tara, ta kuma sa bayanan lafiya da na addini cikin waɗanda ake yi wa tsaro na musamman. Ma'aikaci yana cikin mutanen da dokar ta kare, ko da kuwa mai riƙe da bayanansa shi ne mai biyansa albashi.

Abin da ya wajaba ga mai ma'aikata, kafin ya danna amincewa ga kowane haɗi, shi ne ya sa a karanta masa jerin izinin da manhajar take nema, layi bayan layi, cikin harshen da yake ji. Suna, da sashe, da muƙami, da cewa wane ba ya nan har ranar kaza, waɗannan sun isa abokan aiki su san inda za su kai takarda. Dalilin rashin zuwansa kuwa ya tsaya tsakaninsa da ofishin kula da ma'aikata. Ko sanarwar ranar haihuwa, wadda manhajojin nan suke son yi da furanni da tafi, ya kyautu a tambayi mai ita tukuna, domin akwai wanda ba ya so a san shekarunsa, akwai kuma wanda ranar da aka rubuta masa a takardar shaidar shekaru ba ita ce ranar da aka haife shi ba.