Sharhi: Albarushin Gida, Tsakanin Gadon Kaka da Doka

Duk shekara idan damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe, hunturu ya fara kaɗawa, to a Pélébina da ƙauyukan da ke kan hanyar Djougou zuwa Bassila lokacin farauta ya zo ke nan. Manomi ya sauko da bindigar toka daga saman ɗaki, ya kai wa maƙeri ya duba ta, saura albarushi. A nan ne maganar ke shigowa kasuwa, domin wanda bai iya haɗa nasa a gida ba sautu yake bayarwa, kuma ɗan sautun nan sau da yawa ɗan kasuwa ne daga cikinmu, ko direban da ke jigila tsakanin Parakou da Djougou. Saboda haka muka ga ya dace mu zauna mu yi wa wannan al'amari kallon tsanaki, tun kafin wani ya shiga uku a kan ƙullin da ribarsa ba ta kai kuɗin goro ba.

Da farko dai, ba mu ce albarushi baƙon abu ne a ƙasar nan ba. Tun zamanin fatake, lokacin da ayarin Hausawa ke ratsa Nikki da Parakou da Djougou zuwa Gwanja neman goro, bindiga da albarushi suna cikin kayan da ke yawo a wannan hanya. Hatta yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a birnin Brussels a 1890, wadda ta hana sayar wa baƙar fata bindigogin zamani, ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar toka da albarushinta. Har yau manomi da ita yake korar birai da gyado daga gonar doya da masara, mafarauci da ita yake samun gyazbin miya, a Kano da Katsina da Zazzau kuwa hawan Sallah ba ya cika sai 'yan bindiga sun yi ta sakin wuta hayaƙi ya turnuƙe. Wannan gado ne, ba mai musu. Abin da ya sauya shi ne zamani.

Mu fara da doka. A watan Yunin 2006 shugabannin ƙasashen ECOWAS, wato CEDEAO, suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da harsasai da kayan da suka danganci su, ta kuma fara aiki a 2009. Yarjejeniyar ba ta tsaya kan bindigogin da ake shigowa da su daga waje ba, ta shafi har na ƙirar gida, ta kuma ɗora wa kowace ƙasa nauyin ƙidaya maƙeranta da sa ido a kansu. A nan Benin, doka mai lamba 2019-07 ita ce ta tsara sha'anin makamai da harsasai, kuma ginshiƙinta guda ne, wato ƙerawa da sayarwa da ɗauka da ajiyewa duk sai da izinin hukuma. Ita ma farauta kanta, dokar namun daji ta 2004 ta ce sai da takarda. A tsallake, Nijeriya tana da dokar bindigogi ta 1959 da ta abubuwan fashewa ta 1964, dukkansu sun hana haɗa irin waɗannan kaya ba lasisi. Ke nan wanda ya ƙetare iyaka ta Nikki zuwa Chikanda da ƙullin albarushi a jaka, ya taka doka a gida, ya kuma taka ta a waje.

Wani zai ce ai dokokin nan sun daɗe, kuma shekara da shekaru ana yi ba a kama kowa ba. Haka ne, amma idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Idan dai ba a manta ba, a watan Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu a gandun dajin Pendjari aka kashe ɗan jagoransu. A Disambar 2021 aka kai wa sojoji hari a Porga, daga nan aka fara dasa nakiyoyin ƙirar gida a hanyoyin dajin arewa, kuma a watan Afrilun 2025 gwamnati da bakinta ta ce an kashe sojoji 54 a yankin gandun W. Ta kudu kuma, arangamar da aka yi tsakanin mafarauta da jami'an tsaro a Tchaourou a 2019, da ta Savè da Bantè a 2021, ta sa hukuma ba ta yi wa bindigar toka kallon abin wasa. Pélébina tana tsakiyar waɗannan wurare biyu, a bakin babbar hanya. Ɗan sandan da ya buɗe buhun masara ya ga albarushi, ba birin gona ne zai fara zo masa a rai ba. Kuma tun 2018 akwai kotun CRIET mai shari'ar laifukan ta'addanci, wadda ba wanda ke fatan a ambaci sunansa a gabanta ko da daga baya za a wanke shi.

Ba hukuma kaɗai ce abin tsoro ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Sallah. Da aka ga bindigogin farauta a cikin kayansu, sai aka yi musu lakabin masu garkuwa da mutane, jama'a suka far musu, aka kashe mutum 16. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, amma darasi ne gare mu mazauna zango a ƙasar wasu: Bahaushe baƙo da bindiga ko albarushi a mota, kafin ya buɗe baki an riga an yanke masa hukunci.

Sai batun rai da lafiya. Albarushi ba ya buƙatar ashana kafin ya tashi. Tartsatsi ɗaya, ko guntun taba, ko gogayyar ƙarfe da ƙarfe ta isa. Wajen haɗawa da dakawa ne aka fi rasa yatsu da idanu, kuma na gida ba shi da ma'auni ɗaya, na yau ya yi sanyi, na gobe ya yi ƙarfin da zai tsaga bakin bindigar da aka ƙera da bututu. Da damina yana shan danshi, sai mai shi ya shanya shi kusa da murhu. Wani lokaci a ja kunama bindiga ta yi shiru, mutum ya juyo da ita zai leƙa, sai ta tashi a fuskarsa. Mafi muni shi ne masu zuba hodar harsashin zamani a bindigar toka, alhali ƙarfinta ya fi abin da bututun zai iya ɗauka. A kasuwa kuwa haɗarin ninki ne, domin rumfunanmu a manne suke, ga buhunan auduga, ga kwalaben fetur na kpayo a bakin hanya. Mun ga yadda ɗakin ajiyar kayan wasan wuta ya tashi a unguwar Jankara ta Legas a Disambar 2012 ya ci gidaje, mun kuma ga gobarar ma'ajiyar fetur ta Sèmè-Kraké a Satumbar 2023 da ta ci rayuka fiye da 30.

Abin tambaya a nan shi ne, kame kawai zai magance matsalar? Mu a ganinmu ba zai magance ba. Muddin biri na cin gona kuma manomi ba shi da halaltacciyar hanyar samun albarushi kusa da shi, to zai koma ga turmi a bayan ɗaki. Ya kamata hukumomin Djougou da na Parakou su zauna da shugabannin mafarauta da maƙera, a yi musu rajista a sauƙaƙe ba tare da tatsar kuɗi ba, a ware dillali mai lasisi da ma'ajiya nesa da kasuwa da gidajen jama'a, a kuma fassara dokar cikin Hausa da Dendi da Yom da Baatonum a karanta ta a gidajen rediyo, tunda yawancin waɗanda ta shafa ba sa karanta Faransanci.

Mu kuma namu aikin ba sai mun jira gwamnati ba. Sarakunan zango da shugabannin kasuwa da na tasha su kafa ƙa'ida cewa ba a ajiyar albarushi a shago, ba a kuma ɗora shi a motar fasinja. Direba ya buɗe duk saƙon da aka ba shi a gaban mai shi, domin ranar da aka kama kaya, wanda aka same shi da su ne zai amsa tambaya, mai sautu yana gida yana shan fura. Idan tsautsayi ya auku, a zuba wa ƙunar ruwa mai tsabta na kamar minti 20, ban da shafa manja ko ƙwai ko toka, a garzaya asibiti, a kuma kira 'yan kwana-kwana ta lamba 118. Kunyar ƙin karɓar sautun aboki ta yini ɗaya ce, zaman kurkuku ko rasa ido kuwa na shekaru ne. Allah Ya kiyashe mu da tsautsayi, amin.